Yayan da Na Ce Ba Ni da Shi

Shekarata goma sha ɗaya a Doha, kuma duk Bahaushen da ya san ni a garin nan ya san ni ne ɗan fari a ɗakin mahaifiyata. Ni na gaya musu haka. Ban zauna na kitsa ƙaryar ba. Tambaya ce irin wadda ake yi wa sabon zuwa, wani ya ce ku nawa ne a gidanku, na ce mu biyar ne, ni ne babba. Mu shida ne. Akwai wanda ya girme ni da shekara takwas, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya goye ni.

Goyo na gaske nake nufi, da zani da majanyi. Tsakanina da shi Inna ta haifi biyu ba su zauna ba, kuma a lokacin ba ta da 'ya mace, don haka shi ne mai daka, shi ne mai tankaɗe, shi ne mai raino. Har ta tsufa ba ta daina cewa laifinta ne, ita ta miƙa masa taɓarya. Ni dai ban yarda ba. Na san maza da yawa a garinmu da suka yi wa uwayensu daka, kuma ba wanda ya tashi da irin tafiyarsa ko irin yadda yake tafa hannu in zance ya yi masa daɗi. Yayana ɗan daudu ne. Na daɗe ina kewaye kalmar nan, to ga ta na rubuta.

Yana da kamar shekara ashirin ya kwashe kayansa ya koma wani gida a bayan tasha, wurin wani tsohon ɗan daudu mai sayar da abinci wanda suke kira uwarsu. Ranar Baba ya tara mu a zaure, ya dafa kaina ya ce, “Daga yau kai ne babba a gidan nan.” Ina da shekara goma sha biyu. In faɗi gaskiya, daɗi na ji. Aka fara ba ni cinyar kaza, aka fara cewa ƙannena su durƙusa su gaishe ni, ni kuwa na hau kujerar na gyara zama ban tambayi ta wane ne ba.

A gidan nan na bayan tasha ake yin taron. Kowace shekara da kaka, in gero ya shiga rumbu, 'yan daudu daga birane da garuruwan kusa sukan zo garinmu su yi kwana uku, daga Juma'a zuwa Lahadi. Garinmu ƙarami ne, titi ɗaya gare shi mai kwalta, kasuwarsa ranar Asabar take ci. Me ya sa suka zaɓe shi, ban sani ba, wataƙila don tsohon nan nasu ne. Sukan sauko daga mota da kaftani da hula kamar kowa, kowanne riƙe da jakarsa. Sai sun shige bayan zanar gidan ɗankwali yake fitowa, da kwalli, da lalle. Kafin la'asar ka fara jin kiɗan ƙwarya da kalangu da shewa, ƙamshin soyayyar kaza kuma ya kai har bakin rijiyar unguwarmu.

Garinmu kuwa baki biyu gare shi, ɗaya na zagi, ɗaya na ci. Ranar Juma'ar nan liman ba ya rasa abin faɗa, mutane kuma su yi ta gyaɗa kai ana Allah wadai. Ana sallamewa mahauta su ne na farkon neman takalmansu, don sun san sai sun ƙara yanka. Ranar Asabar dattawan da suka fi kowa gyaɗa kai su ne za su aika a sayo musu waina da miyar taushe, a ce ta baƙo ce. Baƙin da ake yi a garinmu a wannan Asabar ɗin, da na gaske ne da tasha ba ta ɗauke su ba. Mata kan kifa turmi a jikin katanga su hau su leƙa, kuma duk ɗaurin ɗankwalin da amaren shekarar za su yi daga can yake fitowa. Dagaci shi ma kullum a wannan makon tafiya take kama shi, ya je gaishe da surukai, ya dawo Litinin ya ce bai ji komai ba.

A gidanmu ba a ambaton sunan Yaya. Amma kowace Lahadin taro wata maƙwabciya takan shigo da kwano a rufe ta ajiye a ƙofar ɗakin Inna. Inna ta zuba wa Baba miyar a kan tuwonsa. Ya ci, ya suɗe hannu, ya ce, “Miyar nan ta yi.” Ya san hannun da ya yi ta, Inna ta san ya sani, kuma ba wanda ya taɓa ƙara kalma a kan haka har Baba ya bar duniya.

Sau ɗaya na taɓa leƙawa. Ina jami'a, na zo hutu, na ce zan je tasha tambayar mota, ƙafata ta kai ni bayan zanar. Akwai wata kafa da awaki suka yi, na sa ido. Yamma ce, rana ta yi sanyi. Yaya yana tsakiyar fili da zani shuɗi a ƙirji, gumi na zuba, masu ƙwarya sun kewaye shi, yana juyi yana dariya har wushiryarsa ta fito. Ni da na saba ganinsa a hanya kai a sunkuye, yana bin gefen kwata don kada ya haɗa kafaɗa da mutane, ban taɓa sanin fuskarsa tana iya sakewa haka ba. Sai ya hango ni. Ya ɗan tsaya, sannan ya juya mini baya ya ci gaba da rawarsa, don kada 'yan kallo su bi idonsa su ga wanda yake kallo. Na koma gida na ce ban samu mota ba.

Daga baya zamani ya juya. Tsohon ya rasu, Yaya ya gaji gidan da tukwanen. Aka daina kiɗa, aka daina shewa, masu zuwa suka ragu. Taron ya koma girki da hira a bayan ƙyaure, amma ba su fasa ba. Ni kuma na gama karatu, na yi aure, na samu aikin injiniya a nan Doha. Mukan gaisa da shi a waya da salla ƙarama da babba, minti biyu ko uku, kuma kullum shi yake fara cewa sai an jima don ya sauƙaƙa mini.

A nan muna da wata al'ada. Duk Juma'a bayan masallaci mukan taru a unguwar Mu'aither, a gidan wani babban likita da ya fi mu daɗewa a ƙasar, a ci tuwo da shinkafar Larabawa, a taɓa siyasar gida, a yi ƙorafin kafil, wato ubangidan da zaman mutum a ƙasar yake hannunsa. Wata Juma'a cikin Nuwamba, zafi ya sauka har an shimfiɗa darduma a tsakar gida, wani matashin injiniya da bai daɗe da zuwa ba ya miƙo mini wayarsa yana dariya.

“Oga, wannan ba garinku ba ne? Tun jiya yake yawo a gurup.”

Tsamiyar bakin tasha na fara ganewa. Sannan zanar, an kwantar da ita ƙasa. Samari da sanduna, wasu 'ya'yan abokaina ne, suna ta kabbara suna ture tukwane. An zaunar da mutum bakwai ko takwas a ƙasa cikin rana, an hana su cire ɗankwali don duniya ta gani. Yaya yana tsakiya. Ya haura hamsin, furfura ta cika masa haɓa, wani yaro sa'an ɗan cikinsa ya kama haɓar ya ɗaga ta saitin waya. Bai yi kuka ba, bai roƙe su ba. Idonsa na kan wata babbar tukunya da ake mirginawa, na ji muryarsa cikin hayaniyar yana cewa, “Ku yi a hankali da waccan, ta maƙwabta ce.”

Wayar ta bar hannuna ta zaga. Wani ya ce maganinsu ke nan. Wani ya ce ai da ma ƙauyuka sun fi birni lalacewa yanzu. Da ta kai ga wani dattijo ɗan Zangon Gana da yake aikin tuƙi, bai ko kalla ba ya miƙa wa na gaba, ya ce, “Ni ba ni kallon tonon asiri, massa. Allah shi rufa ma kowa.” Sai wayar ta kai ga wani malamin jami'a, mutum ne mai son bin diddigi, ko tuwo aka kawo sai ya tambayi garin da aka noma masarar. Ya tsayar da hoton, ya buɗa shi da yatsu biyu, ya dube shi, ya dube ni.

“Ikon Allah. Injiniya, wannan na tsakiyar ai billenku ɗaya. Har wushiryar.”

Bille gare mu a kuncin hagu, duk 'ya'yan Baba maza, askar gidanmu ce tun kakanni. Na ji wurin ya yi mini zafi kamar yanzu wanzami ya ɗaga askarsa. Na yi dariya na ce, “Haba Malam, rabin garinmu bille gare su, wanzami ɗaya ne ya yi mana duka.” Aka kwashe da dariya, zance ya mutu. Da na tsaya a nan, da na ce tsoro ne, kuma tsoro ba baƙon kowa ba ne. Amma ban tsaya ba. Ba wanda ya tambaye ni, ba wanda yake kallona ma, na ƙara da cewa, “Irin waɗannan ai su suka ɓata mana suna a gari.”

Likita ya ce, “Khalas, a ajiye wayar nan, abinci na hucewa. Yalla, bismillah.” Na sa hannu na ci. Har ƙari na yi, don kada a ce wani abu ya taɓa ni.

Muka kama hanyar komawa gidanmu a Mesaimeer ni da matata. 'Yar garin da ke maƙwabtaka da namu ce, ta san komai tun kafin a ɗaura mana aure, kuma a ɓangaren mata ma an kalli abin. Sai da na kashe mota ta ce, “Ka kira shi.” Na ce gobe. Gobe ta zo na ce ai yanzu hankalinsa a tashe yake, a bari ya huce.

Ranar Litinin da safe, na ajiye mota a Al Mirqab zan shiga ofis, saƙon murya ya shigo daga gare shi. Na rufe gilashi na saurara. Muryarsa ta dushe, amma yana ƙoƙarin sa mata wasa.

“Injiniya na Inna, ina kwana. An ce abin nan ya kai har can ƙasarku, to ka yi haƙuri. Ni lafiyata ƙalau, kada ka sa komai a ranka. Abu ɗaya nake so da kai. In wani ya tambaye ka, ka ce ba ka san ni ba. Ka ji ko? Kai mai iyali ne, kana cikin manyan mutane. Ka ce ba ka san ni ba, ni na yafe. Ka gaida amarya da yara.”

Izini ya ba ni na abin da na riga na yi kwana uku da suka wuce, kuma bai san na yi har da ƙari ba. Na zauna a motar nan har mai gadin wurin ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce ko lafiya. Na rubuta masa, “To Yaya, Allah ya kyauta.” Kalma biyar. Ya turo hoton hannu biyu na addu'a, na shiga mitin.

Tun daga ranar aski ya zama mini aiki. Ina iya aske kuncin dama ina tunanin aiki, amma in na zo na hagu sai na kau da ido daga madubi, in lalubi wurin da yatsa. Sau da yawa ina cikin tuƙi ko ina tsaye a sahu, sai in ji muryar nan tana cewa a yi a hankali da tukunya. Ban gaya wa kowa ba.

Labarin gida daga bakin Inna nake jin sa. Cinikin Yaya ya tsaya cak. Masu aiken waina saboda baƙo duk suka wayi gari da tsoron Allah, ko gaisuwarsa ba sa amsawa. Maƙwabtan da yake kare wa tukunya suka aiko aka karɓe ta. Da Inna ta ga haka, ta yafa mayafinta ta bi tsakiyar kasuwa da rana tsaka har bayan tasha, ta kamo hannunsa ta kawo shi gida, ta share masa ɗakin zaure. Ƙannena suka yi gunaguni, ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, wanda bai iya gani ba ga ƙofa nan. Tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu ta yi wannan a garin da kowa ya san ta. Ni ina inda ba wanda ya san shi, na kasa.

Bai ƙara fita ba sai masallacin asuba, shi ma a sahun baya. Da ma yana da hawan jini. Wata huɗu bayan taron, da hantsi, ina tsaye a wurin aiki da hular kwano a kaina, Inna ta kira. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Yayanka ya riga mu. Ya yi alwala zai yi walaha ya faɗi.” Na ce innalillahi, na zauna a kan wani bututu. Ta ce za a kai shi bayan azahar.

In aka yi wa ɗayanmu rasuwa a gida, abin da muke yi a Doha sananne ne. A sa sanarwa a gurup, a shimfiɗa darduma a falon mutum, kwana uku ana zuwa bayan an tashi aiki. A kawo dabino da gahawa, mata su kawo abinci a kuloli, a yi ta addu'a har mai rashin ya ji ba shi kaɗai ba ne a ƙasar mutane. Ko kawun matar mutum ne ya rasu sai an je. Kuma yawanci ni nake rubuta sanarwar, don an ce na iya tsara magana, ni nake ɗauko kujeru a bayan motata.

Na rubuta tawa sau uku ina gogewa. Matata ta ce, “Ka ce yayanka ya rasu kawai. Waye zai tsaya bincike a kan mutuwa?”

Na ce, “Malam zai tsaya. Zai ce wane yayan, ba kai ne babba ba?”

“To ka ce masa ƙarya ka yi.”

Magana zarar bunu ce, kuma ni sau biyu na zara. Ban sa sanarwa ba. Gida ma ban je ba, na ce wa ƙannena ba a ba ni hutu ba, alhali ban nema ba. Matata ta soya waina ta sauka da ita ta raba wa masu gadi da masu sharar gininmu, suka ce na mene ne, ta ce sadaka ce. Ni kuma washegari na sa kayan aiki na fita, wanda ya ce ya gida na ce lafiya lau.

Juma'a ta zo na tafi Mu'aither kamar kullum, don rashin zuwa ma abin tambaya ne. Aka yi dace, ko rashin dace, matashin nan da ya miƙo mini waya an yi masa rasuwar wani ƙanen kakansa da ko fuskarsa bai tuna ba. Bayan an ci abinci likita ya ce a yi wa mamacin addu'a. Aka ɗaga hannu. Dattijon Zango ne ya ja, yana cewa Allah ya jiƙansa, Allah ya yafe masa, Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta. Bai ambaci suna ba. Sai na tsinci kaina ina cusa Yaya a cikin kowane “shi” da ya faɗa, ina cewa amin da ƙarfi, fiye da mai rashin. Satar addu'a na yi wa yayana a gidan mutane, a bakin waɗanda suka ce maganinsu ke nan. Da aka shafa na tashi na bi layi, na kama hannun yaron na ce masa ya ƙarin haƙuri.

Ranar bakwai Inna ta kira da yamma, ina zaune a falo ni kaɗai, yara sun tafi islamiyya. Ta ba ni labarin jana'izar, wanda ƙannena suka ƙi ba ni. Liman ya zo, ta ce, Allah ya saka masa. Amma mutanen ba su cika sahu ɗaya ba, kuma a cikinsu akwai baƙi uku da suka zo daga birni da kaftani da hula, suka tsaya daga gefe, ana gamawa suka koma tasha ko ruwa ba su sha ba. Zaman makoki kuwa ita da maƙwabciyarta suka yi shi. Tabarmin da aka shimfiɗa a ƙofar gida haka aka naɗe su.

Sannan ta ce, “Kai fa can? An zo maka gaisuwa?”

Na dubi falon. Kujerun da nake kai wa mutane suna jingine a bayan ƙofa, a naɗe.

“An zo, Inna.”

“Da yawa?”

“Gida ya cika. Kwana uku ana zuwa, har da likitoci da malaman jami'a.”

Na ji ta ja dogon numfashi, sai a lokacin muryarta ta karye. Ta ce, “Alhamdulillahi. Ashe dai ya samu mutane a wani wuri. Ka yi musu godiya, ka ce uwarsa ta gode.”

Na ce to, Inna, zan gaya musu.